Kawu Badamasi a Gida na Uku

Rano,
Talata.

Zuwa ga ɗan'uwana Tajuddeen,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da kai da karatu. Mu nan kalau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Takarda na rubuto don in na kira ka a waya zan faɗi abin da ba ya kwasuwa.

Zanen da na nuna maka gida huɗu ne a jere, kowane gida da hotonsa. Na ɗaya, Kawu Badamasi a kan kekensa. Na biyu, ya hango maraƙin maƙwabciyarsa Fulera ya maƙale a taɓo. Na uku, ya faɗa taɓon da fuska, hularsa na yawo a ruwa. Na huɗu, ya fito da maraƙin a kafaɗa ana sa masa albarka. Sati uku na yi ina zana shi don in girmama mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba.

Kai kuma na ukun kaɗai ka ɗauka da waya, ka watsa a guruf ɗin 'yan Kibiya, ka rubuta wai katun. Yanzu 'yan acaɓa na kiransa Sarkin Taɓo. Ranar Juma'a na tsugunna na gaishe shi, ya kalli bango.

Da na yi maka magana ka ce ai a Turanci katun da komik duk ɗaya ne. Ni a aji huɗu na tsaya, shi ya sa na je na tambayi Malam Zulkifilu mai koyar da Turanci. Ya ce irin wannan katun ɗin hoto ɗaya ne, a yi wa mutum dariya a wuce. Komik kuwa labari ne, sai an bi shi gida-gida har ƙarshe. To ni komik na yi. Kai da karatunka ka yanke shi ya zama zagi.

Ka gaida abokan ɗakinka.

Naka,
Isiyaku

Rano,
Lahadi.

Tajuddeen,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ba ka ba ni amsa ba, na lura.

Jiya na kai wa Kawu zanen gaba ɗaya har shagonsa a Kibiya. Na manta shi karatun allo ya yi, sai ya fara daga dama. Ya ga kansa da maraƙi ana yabo, ya ga ya faɗa taɓo, ya ga ya hau keke ya gudu ya bar dabbar mutane. Ya ce ashe har da ƙarya na haɗa masa. Da ya gama, sai na kama yatsansa na ɗora a hagu, muka bi a hankali.

Da muka kai ƙarshe ya aika aka kawo almakashi, ya yanka gidajen, ya jera su daga dama, ya manna a ƙofar shago. Ya ce, "Haka mutane ke karatu. Kuma hulata ba ta kai wannan muni ba." Da zan tafi shi ya fara ce mini in sauka lafiya.

Kai dai bai ambaci sunanka ba, ni ma ban tuna masa ba. Ka sa sauran gida ukun a guruf ɗin yau, ka zo ka tsugunna a gabansa. Kafin nan kada ka ƙara ɗaga waya a kan zanena.

Ɗan'uwanka,
Isiyaku