Baitin Patti na Ƙarshe

Mississauga, Kanada

Zuwa ga Chithi Kamakshi, ƙanwar mahaifiyata,

Gaisuwa ta girmamawa, ina taɓa ƙafafunki daga nan nesa. Ina fatan kina lafiya, da ke da mijinki Chithappa da duk mutanen gida can Indiya a Kumbakonam. Ubangiji Ya ƙara miki lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau. Mijina Natesan yana fama da aiki, yara sun koma makaranta, sanyi ya fara leƙowa. Yayarki Amma, mahaifiyata, ta warware daga aikin da aka yi mata a maƙogwaro, tana ci, tana faɗa da kowa kamar da, amma muryar waƙa ba ta dawo ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai. Har yanzu tana saukowa ɗakin ƙasa inda muke koyar da yara, ta zauna tana buga lokacin waƙa da hannu a cinya, tana harare-harare. Rerawar ni nake yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malaman waƙa na yankin nan mun haɗu mun fitar da littafi guda na jarrabawa, domin iyaye suna son takardar shaida da yaransu za su nuna wajen neman jami'a. Ina cikin masu jarrabawar, shekaru ke nan. Waƙar nan da Patti, mahaifiyarku, ta koya muku a tsakar gida tana cikin littafin, sai dai an miƙar da ita. Kin san baitin ƙarshe, inda Patti take saukar da murya ta riƙe, ta bar bugu ya wuce ta, sannan ta kamo shi daga baya. Littafi bai san da wannan ba, kai tsaye yake tafiya. Yayarki Amma ta ce wanda ya rubuta shi da alama jirgi yake gudun ya tashi ya bar shi.

Kin san dai ba ta ba kowa wannan baiti sai ta ga ya isa. Ni ina da shekara goma sha shida ta ba ni, bayan ta sa na yi kuka. Tunda muka zo ƙasar nan ba ta ga wanda ya isa ba, sai bana da ta zaɓi Mridula, 'yar wani likitan haƙori. Uwar yarinyar ta zo da faranti na ayaba da ganyen goro, ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta roƙi a bari sai bayan jarrabawa, kada a rikita mata 'ya da hanya biyu. Sai Amma ta ce to, ai takarda ta fi kunne daraja yanzu. Matar ba ta gane baƙar magana aka faɗa mata ba, har da ƙara godiya.

An yi jarrabawar makon jiya. Mridula ta rera ta littafi tsaf, ba inda za ka kama ta, ta zo ta ɗaya. Ita kuwa Amma tana zaune a baranda da rigar sanyi, tana ji ta ƙofa. A mota na tambaye ta ya ta ji, ta ce yarinyar ta karanta takardar kuɗin wuta da murya mai daɗi. Sai ta ce ba komai, ranar Vijayadashami ta kusa, ranar da ake fara sabon darasi, ran nan zan zauna gaban yarinyar in rera mata baitin Patti, ita kuma ta buga lokaci. Wai tunda yana cikin wuyana, hankalinta kwance yake.

Chithi, ba ya cikin wuyana. Washegari na tsaya a wajen ajiye motoci na kanti, na rufe gilashi na gwada. Na littafi ne ya fito. Na sake, shi dai. Na san akwai wurin da ake riƙewa, amma ko a kan wace kalma, ko yaya ake dawowa, oho. Yara sun rera min na littafi shekara da shekaru ina ba su maki, har ya zauna ya kori wancan. Ban yi kuka ba, na shiga na sayi madara na koma gida. Sai dai na ji tsoro, har yanzu kuma ina ji.

Ke kaɗai kika rage mai murya. Don haka ina roƙonki, ki sa jikanki Adithya ya riƙe waya, ki rera baitin a hankali, ki maimaita, ki buga lokaci yadda zan ji. Kada ki ce muryarki ta tsufa, ba daɗi nake nema ba. A turo wa lambata ni kaɗai, ban da zauren iyali na waya, don Amma tana ciki kuma ba abin da ke wuce ta.

Ki gaida Chithappa, da Lalitha da mijinta, da Adithya, da Mami Saroja ta maƙwabta. Natesan da yara suna gaisuwa. Idan Amma ta kira ki ranar Lahadi kamar yadda ta saba, za ta yi miki alfahari da ni, ta ce na riƙe abin Patti a ƙasar ƙanƙara. Ki ce mata e.

'Yarki,
Charulatha