Kitse a Jinin Yusha'u

Litinin, 2 ga Yuni, 1958

Ba kuturta ba ce! Alhamdu lillahi! Likita Bature ya duba ɓawon nan fari na gwiwar hannuna da na ƙeya, ya lallatsa yatsun da suka kumbura, ya ce sunanta soriyasis, kuma ba ta yaɗuwa. Malam Tijjani, malamin asibiti, shi ya yi tafinta. Na sa ya maimaita. Ciwon gaɓoɓin ma ita ce, in ji shi. Ke nan ba za a raba ni da tafireta ba! Da gudu na tuƙo keke zuwa gida Kawo. Matata Safara'u na jin labari ta ajiye muciya ta rangaɗa guɗa, sai ka ce an yi haihuwa.

Laraba, 4 ga Yuni

Sun ɗebi jinina. Ban kalla ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Abin mamaki! An ɗaga mini kwalbar jinina a hasken taga, samansa fari-fari kamar an zuba madara. Wai kitse ne ya yi yawa. Likita sai murna yake, ya ce a ƙasarsu ana binciken ko masu wannan ciwon fata sun fi tara kitse a jini. Zai rubuta ni a takarda, ba suna. Ni, Yusha'u! Daga baya ya daina dariya. Malam Tijjani ya ce, "Malam Yusha'u, kitsen nan yana toshe hanyar zuciya. A rage man shanu da tsire." Na ce to. A hanya na sayi tsire, don murna.

Juma'a, 13 ga Yuni

A ofis abokin aikina Sanda na cewa jinina ya isa a soya ƙosai. Mun sha dariya.

Asabar, 21 ga Yuni

Inna ta zo daga Katabu da ƙwaryar man shanu. Da na faɗa mata zancen likita sai ta ajiye ƙwaryar. Can ta ce Baba ma yana da irin ɓawon nan a ƙafa, hular kansa kullum da fari-fari. "A gona ya dafe ƙirji ya cika, ko furfura bai yi ba." Ban taɓa sani ba. Cewa aka yi mana zazzaɓi ne.

Lahadi, 29 ga Yuni

Suyar naman layya! Gida ya cika, ragon bana ya yi mai sosai. Kaltume 'yata ta hau cinyata, tana ta tura mini kitse a baki da ɗan hannunta. Na karɓa na ɓoye a tafin hannu, na riƙa motsa baki ina cewa daɗi. Tsoka kawai na ci. Safara'u ta gani.

Ba tsoro ba ne. Na ƙoshi ne kawai.