Ƙasar Ɗakina a Bangon Hamza

Ibadan

Zuwa ga ɗana Hamza,

Bayan gaisuwa, yaya Innarka da ciwon ƙafa? Ina Zulai'atu da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, kuma babu mai miƙo mini ruwa.

Na ji ƙaramar hukuma ta ware kuɗin gina gidaje masu sauƙi ga waɗanda ambaliya ta rusa wa muhalli a bakin tafki, amma sai wanda ma'aikata suka ga kufan gidansa da idonsu. Bara ni da bakina na ce ka kwashe ƙasar ɗakina da ambaliyar ta rusa ka buga tubalin bangonka, yadda muka saba. Yanzu wurin fili ne, har an shuka kuɓewa.

Don Allah ranar da suka zo ka nuna musu bangonka, ka ce, "Wannan ƙasar ɗakin Baffa Umaru ce." In sun yi dariya, ka haƙura. Mai kifin da nake kwana a zaurensa ya ce bayan Sallah yana son wurinsa.

Allah ya yi maka albarka. In sun ƙi, kada ka wahala da rubutu. Shirunka ya ishe ni.

Baffanka,
Umaru