Olsar da Ciyaman Ya Ƙirƙiro wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi, ƙafar Mama ta lafa, ni kuma ina nan ina fama da 'yan ajina.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Kin dai san abin da hoton asibiti ya nuna, jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun toshe har guda uku. Likita ya ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a buɗe jijiya ma ba zai wadatar ba, sai dai a buɗe ƙirji, a ciro jijiya daga ƙafarsa a yi wa jinin sabuwar hanya. Na kai hoton wani asibitin, nan ma bakinsu ɗaya. Kuma ba mai taɓa shi sai ya yarda da bakinsa.

To a nan ne babban yayanmu, Ciyaman sarkin taro, ya nuna gwanintarsa. Ya tara mu a falonsa, ya kashe fanka don a ji muryarsa da kyau, ya yanke hukunci wai kada a gaya wa Baba, tsoro zai kashe shi, a ce masa olsa ce, gyambon ciki. Mutumin da ko ƙofar ɗakin likitan bai taka ba, wai warin asibiti na tayar masa da zuciya. Kawu yana gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Aka wayi gari kowa a gidan ya zama likitan ciki, wannan ya hana shi yaji, wancan ya hana shi zama da yunwa. Ke ma, Yaya, ina jin ki a waya kina ce masa ya riƙa shan madara. Wallahi ni na ji miki kunya.

Shi kuwa Baba ya ɗauki maganar 'ya'yansa da gaske. Tunda olsa ce, ya ajiye ƙwayoyin zuciyar da likita ya rubuta masa, ya ce sun yi masa yawa, ya koma shagonsa na kafinta. Shekaranjiya na biya, na tarar da shi ya dafa teburin aiki, gumi ya jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari, ga wata ƙatuwar ƙofa da ya ɗauko shi kaɗai jingine a bango. Yana ganina ya yi murmushi, wai olsar ce ta motsa, in miƙo masa madara. Na kira Ciyaman, ya ce yana mitin, a ba Baba ruwan sanyi.

Da numfashinsa ya dawo na zaunar da shi a benci na gaya masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Bai suma ba, bai faɗi ba, duk da hasashen manyan masana na falo. Ya tambayi yadda ake aikin da irin haɗarinsa, ya ce in kai shi ya ji da kunnensa. Jiya muka je, ya amince, an sa rana. Ciyaman yanzu ba ya amsa gaisuwata, wai na zubar masa da girma. Sai ya duƙa ya tsince shi inda ya zube.

A hanyarmu ta dawowa Baba ya tambaye ni su wa suka sani. Na ce kowa. Sai ya tambaya ko har da ke, don a cewarsa ke ba ki taɓa yi masa ƙarya ba. Ban ba shi amsa ba, ba kuma zan ba shi ba. Wannan aikinki ne.

Ki gaishe min da maigidan, da surukarki, da Auta sarkin rigima. Mama na gaishe ku ƙwarai. Baba dai bai ba da saƙon gaisuwa ba. Tun jiya wayarsa na aljihun gaban rigarsa, ko alwala zai yi ba ya ajiye ta.

Ƙanwarki,
Malama