Attajirin da Ke Korar Ɗansa Kullum

Asmara, watan Rajab, 1968.

Zuwa ga ƙanena Maiwada a Gafasa, bayan gaisuwa mai yawa. Yaya Hure da yara? Yaya gyaɗar bana? Wani malami ne ke rubuta mini.

Guzurin Makka ya ƙare mini a nan, amma lafiyata lau, sai dai sanyi da cin abinci ni kaɗai. Shara nake yi a gidan silima. Ana nuna wani fim na Italiya, inda attajiri ya kori ɗansa don yana son 'yar mai yi musu wanki, uban ya koma cin abinci shi kaɗai a dogon tebur. Ba na jin yarensu. Kwana bakwai ina leƙawa ko zai huce, kullum sai ya sake korarsa. Mai sayar da tikiti ya yi mini dariya, wai hoto ba ya tuba.

Ban manta shanun Bubayero sun cinye mini dawa ba, kuma ɗana Inuwa ya sani ya auri 'yarsa. Ban ce korarsa da na yi kuskure ne ba. Amma ka ce masa ya dawo ya noma gonar bakin rafi. Ka ba shi akushina ma, ya yi wa mutum ɗaya girma.

Allah ya sada fuskokinmu.

Yayanka,
Badaru