Na Ɗago Mai Dafa Mana Abinci

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Baba? Ina Auta da rigimarta?

Albishirinki! Dattawan ikilisiya sun amince, wata mai zuwa za a naɗa ni fasto.

Bara sun ce in jira, ban faɗa miki ba don kada hankalinki ya tashi. Na ci jarrabawa, wa'azina ya yi, amma wajen gwajin baftisma ina shiga ruwa sai na ja da baya, na kasa. Kin san ni da tsoron ruwa tun ina yaro. Na ɗan rame, amma ya wuce.

Bana sai suka ce in gwada da mai dafa mana abinci a makaranta, ƙato ne, ya yi biyuna. Ya raɗa mini, "Ƙaramin fasto, in ka sake ni, ba kai ba abincin rana." Na nutsar da shi, na ɗago shi lafiya lau, dattawa suna ta dariya.

Ki aro mini baƙin takalmin Yaya don ranar naɗin. Baba kuma, tunda ya dage ba mai yi masa baftisma sai ɗansa, ki ce ya shirya. Ba zan sake shi ba.

Allah ya tsare ku.

Ɗanki