Gwiwar da Aka Ce Lafiyarta Ƙalau

Birnin Kebbi, 9 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga maiɗakina Riskuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Adama. Yaya zafin Argungu, yaya jikin Goggo? Ni dai na iso lafiya, na sauka gidan Kayode, wanda muka yi soja tare, yanzu yana sayar da kayan keke a kasuwa. Matarsa Kafayat tana gaishe ki.

Riskuwa, yau na san abin da ya sa aka hana ni fanshon rauni bara. Kayode ya yi ta bin wani akawu har aka fito da fayil ɗina, ya karanta mani, yana juya Turancin zuwa Hausa yana kawar da kai. Kin tuna na ba ki labari cewa da na shiga gaban likitocin nan na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe su? To ita ce ta kashe ni. Babban likitan ya rubuta cewa da idonsa ya ga na lanƙwasa gwiwar hagu har ƙasa, na kuma miƙe ba wanda ya riƙe ni, don haka gwiwa lafiyarta ƙalau. Bai rubuta cewa na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini ba. Bai san kwana ukun da kika yi kina gasa mani ita da ruwan zafi ba. Tafin ƙafar dama kuwa, wanda ya baje saboda shekara goma sha ɗaya ina jibga masa nauyina, wai tunda gwiwa lafiya, ba ruwan soja da shi.

To ni yaya zan yi? Mutum ya shiga gaban manya ya tsaya musu ƙiƙam kamar turke? Ba haka Baba ya rene mu ba. Ɓarɓashin bom ɗin da ya shige ni a bakin kogi a Anacha yana nan cikin gwiwar, ke kanki kin sha taɓa shi, amma ba shi suka duba ba.

Na ɗaukaka ƙara, kwamitin zai zauna nan ƙarshen wata. Ki gaya wa Yaya Ummaru ya dakata da maganar ba maƙwabcinmu Abdussamadu gonarmu ta fadama. Na san ba zan ƙara shiga laka da wannan ƙafa ba, amma in fanshon ya fito zan sa 'yan ƙwadago, gonar Baba ta zauna a hannunmu.

Ki gaida kowa da kowa. Mijinki,
Kalilu

Birnin Kebbi, 24 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga Riskuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ta hannun direba, da ƙullin garin yajin, Allah ya yi miki albarka. Ina fata tarin Adama ya yi sauƙi.

Da za ki ga abin da ake yi da mijinki a gidan nan, da kin yi dariya har kin yi kuka. Kullum da safe Kayode yakan hau kujera ya haɗe rai, wai shi ne likita, ni kuma in shigo in tsaya ba gaisuwa. Sau uku ina shigowa sai in tsinci kaina na fara yin ƙasa, jikin ne ke tafiya da kansa. Kayode ya yi ta faɗa, wai zan sake zubar da abincin bakina. Kafayat ta tuna masa cewa shi ma in ya ga surukinsa rub da ciki yake kwantawa, ko a cikin taɓo ne. Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Ina da shekara arba'in da biyu ana koya mani rashin kunya don a yarda ina da ciwo.

Mu goma sha huɗu ne ke jiran kwamitin, muna wuni ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Akwai wani mutumin Gulma da ba shi da yatsun ƙafa uku, shi ma an ce masa ya kawo shaida. Ranar da suka ɗebe mu a mota zuwa soja, ba wanda ya ce mu kawo shaidar komai. Ƙirji kawai suka auna, suka ce mu buɗe baki.

Na ji saƙon Yaya cewa damina ba za ta jira ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ƙara mani kwana goma. Ki yi mani addu'a, don wallahi ina jin tsoron ɗakin nan fiye da yadda na ji tsoron daji.

Naki har kullum,
Kalilu

Birnin Kebbi, 4 ga Mayu, 1979

Zuwa ga Riskuwa,

Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da Adama, da fatan kuna lafiya. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba, na gaji da faɗin haka.

An yi zaman. A bakin ƙofa masinja ya ce ba a shiga gaban manya da sanda, na miƙa masa. Na shiga na tsaya, ban durƙusa ba. Cikinsu akwai wani dattijo mai farin gemu, sa'an Baba, ya ɗago ya dube ni yana jiran gaisuwa, da bai samu ba ya mai da kansa ga takarda. Kallon nan har yanzu yana cina.

Akwai kujera gefena, ba kowa a kanta. Ba wanda ya ce in zauna, ni kuma ba zan zauna ba a ce mani ba. Suka yi ta juya takardu suna magana da Turanci, aka kawo musu shayi suka sha. Ɗaya ya taso ya danna gwiwar da yatsa ya koma. Ƙafar dama kamar na taka garwashi, gumi yana bin bayana, sai na yi abin da aka koya mani a bariki, na ƙame na kafa ido a bango. Na ce a raina yau dai ba za su ga na yi ƙasa ba.

Jiya takardar ta fito. Sun rubuta cewa na tsaya kusan awa guda ba sanda ba jingina, a miƙe sambal, don haka ba su ga nakasa a gwiwa ko a ƙafa ba. Kuma ba sauran ɗaukaka ƙara bayan wannan. Kayode ya karanta ya zauna dirshan a ƙasa, ya ce da ma na faɗi a gabansu. Ya yi gaskiya. Amma ni ban iya faɗuwa gaban maza ba, ba a koya mani ba a gida, ba a koya mani a soja ba, shi ma bai tuna ya koya mani ba.

Raina ya ɓaci, Riskuwa, ɓacin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka ɗauko ni a makara daga bakin kogin. Ƙafar ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sai kumburin ya sauka zan iya hawa mota in dawo.

Ki gaya wa Yaya Ummaru ya kira Abdussamadu ya ba shi gonar tun ruwa bai sauka ba. Irin shinkafar da kika keɓe a rumbu kuwa, kada ki ƙara ajiye shi. Ki sussuka ki dafa, ku ci ke da Adama.

Allah ya haɗa fuskokinmu. Mijinki,
Kalilu